Yadda Ake Kallon Samuwar Ido a Cikin Tayin Kaza

Ido ba ya ginuwa da kansa, sai da umarnin tsokokin da ke maƙwabtaka da shi, kuma ɗalibi zai iya ganin hakan cikin kwana huɗu idan ya samu ƙwan kaza da na'urar ƙara girma.

Da farko a nemi ƙwan ƙyanƙyasa, wato na kazar da zakara ya taka, domin na kireti da ake sayarwa don ci yawanci babu tayi a cikinsa. A nan Zariya abin bai yi wuya ba, ganin cewa a Shika aka samar da kazar Shika Brown. A kwantar da ƙwan a gefensa cikin injin ƙyanƙyasa a zafin digiri 38, a rubuta sa'ar da aka sa shi a jikin ɓawon. A kula da ɗaukewar wuta, don sanyi yana jinkirta girman tayi, lissafin sa'o'i kuma ya rikice.

Bayan sa'a 33 a zuƙe farin ƙwan kaɗan da sirinji ta wajen faffaɗan kansa, domin gwaiduwa ta sauka, sannan a liƙa salatif a sama, a yanke ƴar taga da almakashi. Idan aka ɗura tawadar da aka tsarma a ƙarƙashin tayin, zai fito fes. Za a ga ƙullutu biyu, waɗanda su ne tushen idanun, sun ɓullo daga gefen ƙwaƙwalwar gaba. Asalinsu wuri ɗaya ne a tsakiya, amma tsokar da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin Sonic hedgehog, wanda ya raba shi gida biyu. Idan aka toshe wannan saƙo, ido ɗaya ne zai fito a tsakiyar fuska, kamar yadda aka gani a ƴan tumakin jihar Idaho ta Amurka a shekarun 1950, bayan iyayensu sun ci wani tsiro mai guba.

A toshe tagar da salatif, a mayar da ƙwan, a sake dubawa wajen sa'a 48 zuwa 55, wanda a ganina shi ne lokacin da ya fi cancantar haƙuri. Ƙullutun ya riga ya taɓa fatar kai, kuma daidai inda ya taɓa, fatar ta yi kauri ta fara lotsawa ciki don ta zama madubin ido, wato ɓangaren cikin ido da ke tattara haske. Masanin kimiyya ɗan Jamus Hans Spemann ya nuna a 1901 cewa idan aka lalata tushen idon a tayin wani kwaɗo, madubin ba ya samuwa. Saƙon kuwa ba hanya ɗaya yake bi ba: ƙullutun ma yana lotsawa ya zama kamar ƙoƙo mai ninki biyu, inda ninkin ciki, da ke karɓar wani sinadarin girma mai suna FGF daga fata, yake zama tantanin gani, na waje kuma, da ke jingine da sakakkun ƙwayoyin halitta da suka kewaye idon, yake zama tantanin launi.

A kwana na huɗu wannan ninki na waje ya fara duhu, har ana hango idon ba tare da na'ura ba. A zana abin da aka gani kowane lokaci, a gwada shi da matakai 46 na girman tayin kaza da masana Hamburger da Hamilton suka tsara a 1951, domin ƙwai biyu da aka sa tare ba lalle su kai mataki ɗaya a sa'a ɗaya ba.