Yadda ake shuka kapusin a Maradi, furen da ake ci

Ƴan uwa masu garka da masu ɗan fili a tsakar gida, in dai kapusin kuke so to ku jira sanyi ya shigo. Asalinshi daga duwatsun Andes ne can Peru da Boliviya, bai saba da irin ranarmu ba, wanda ya shuka a Maris ko Afrilu lokacin da zafi ke wuce digiri 40 asarar iri kawai zai yi. Nuwamba ne lokacinshi, daidai sadda ƴan Jiratawa, kusa da Maradi, ke dashen salati da shu, sai ya yi ta fure har ƙarshen Fabrairu.

A jikin sashen irin za ku ga an rubuta capucine ko nasturtium. Ƙwayoyin manya ne, a yamutse. Ku jiƙa su a ruwa su kwana, da safe ku binne kamar santimita 1 zuwa 2, tazarar taƙi ɗaya tsakani, kuma a shuka inda zai zauna don ba ya son dashe, saiwarshi ba ta da ƙwari. Cikin kwana 7 zuwa 14 zai tsiro, fure kuwa wajen wata biyu.

Ga inda mutane ke ɓata abin: taki. Mun saba komi sai an zuba mishi takin awaki ko ure, shi kam in kuka cika mishi sai ya yi ta ganye kore shar, fure ko ɗaya babu. Yashin nan namu na jigawa da ake rainawa ya ishe shi, ɗan ruɓaɓɓen taki kaɗan shikenan. In a bido ko tsohon bokiti ne ku huda gindin ruwa ya riƙa fita, arozuwar ɗaya da safe, ku taɓa ƙasa in da laima ku bari sai gobe. Rana ta safe yake so, ta azahar a samar mishi inuwar katanga. Ganyen zagayayye ne, in kun zuba ruwa ba ya jiƙa, sai ya dunƙule ya gangare, yara na son kallon wannan.

Akwai gajere mai cunkushewa, akwai mai yaɗo da ke hawa darni. Ɗan uwanshi mashua da ake cin saiwarshi a Peru kam ku manta da shi, sanyin tsauni yake so.

Darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotson ganye, na sonshi sosai, ku riƙa leƙa bayan ganye, in kun gani ku tsinke ko ku fesa ruwan ganyen dogon yaro. Ganye da furen duk ana ci, ɗanɗanon na da ɗan yaji irin na lansir, a salati ko kwaɗon zogala yana tafiya, amma wanda aka fesa wa maganin ƙwari kar a kai baki. In zafi ya fara ku tsince ƙwayoyin da suka faɗo, a shanya a inuwa a ajiye a takarda sai baɗi.