Tarin fuka da ke kwance a jikin ƴan kaso: inda sabbin ma'aikatan jinya ke tafka kuskure

Duk ma'aikacin jinyar da aka tura gidan kaso a jihar Tawa, ya fara riƙe wannan: ƙwayar tarin fuka na iya shiga jiki ta kwanta, ba tari, ba zazzaɓi, kuma mai ita ba ya shafa wa kowa. Kusan ɗaya bisa huɗu na mutanen duniya haka suke, kuma 5 zuwa 10 cikin ɗari daga cikinsu ne ciwon ke tasar wa. Ware irin wannan mutum a ɗaki shi kaɗai wahalar banza ce.

Babban laifi shi ne gaggawar ba da isoniazid, maganin rigakafi da ake ba mai ƙwayar a kwance don kada ciwon ya tashi. An ga gwajin fata (allurar da ke nuna ko ƙwayar ta shiga jiki) ya kumbura, sai a miƙa wa mutum ƙwayoyi na wata 6, ba a tambaye shi komi ba. To in ciwon ya riga ya tashi fa? Kun ba shi magani ɗaya a inda ake buƙatar huɗu, ƙwayar ta saba da shi, ta daina jin sa, shi kuma yana ta tari kan abokan kwanansa. Wannan ba rigakafi ba ne, ɓarna ce. Ku tambayi tari, zazzaɓi, zufan dare da rama. Ku ɗora shi kan sikeli da kanku, don ɗan kaso kan ɓoye tari saboda tsoron a raba shi da shimfiɗarsa. Alama ko ɗaya ce, majinarsa ta tafi GeneXpert (na'urar da ke gano ƙwayar a majina), a yi masa hoton ƙirji. Sai an tabbatar ciwon bai tashi ba sannan a yi zancen rigakafi.

Gwajin fatar ma ana lalata shi. Mililita 0.1 ne na ruwan gwajin, a cikin fatar hannu tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, ba ƙarƙashinta ba. In ɗan tudu kamar cizon sauro bai fito ba, allurar ta nutse, ku sake a ɗaya hannun. A duba bayan awa 48 zuwa 72. Kuma don Allah ku bar auna ja! Taurin ake aunawa, a kwance. Ni da biro nake so a yi: a jawo layi daga kowane gefe har bakinsa ya tokare, a auna tsakani. Gwaji ya nuna ƙwayar in taurin ya kai milimita 10 ga ɗan kaso, 5 ga mai ƙwayar sida. Shi mai sida ma, rashin kumburi ba ya hana a ba shi rigakafi.

In kayan gwaji sun yi kaɗan, kada a bi layin wanda ya fara zuwa. A fara da masu sida, abokan ɗakin wanda aka samu da ciwon, ramammu, masu ciwon suga, masu shan taba, da waɗanda suka daɗe ko suka sha shigowa.

Lokacin hunturu ana toshe tagogi da tsumma da kwali. Ku zagaya da safe a buɗe don iska ta shiga. Isoniazid ya tafi tare da bitamin B6 saboda zafin ƙafa. Jan fitsari ga mai shan rifampicin, wani maganin tarin fuka, ba komi ba ne, amma ido ya yi rawaya ko amai ya yi yawa, a tsayar da magani nan take. Wanda za a sallama ko a maida wani kaso, katinsa da sauran maganinsa su bi shi, da sunan likitar da zai ci gaba da karɓa.