Yadda za ka ɗaura sensar sauti a kan rumbun shinkafa

A injin gyaran shinkafa, inda ƙura ba ta kwanciya, in za a auna yawan shinkafar da ke cikin rumbu, ni dai na fi yarda da sensar (na'urar awo) da ke aiki da sauti a kan mai aiki da haske. Da ƙaiƙayi ya rufe gilashin ta haske, shi ke nan ta makance. Ita kuwa ta sauti ƙara take harbawa, sama da kilohaz 20, wadda kunnen ɗan Adam ba ya ji, sai ta lissafa nisa daga lokacin da amsa-kuwwar ta ɗauka kafin ta dawo.

In zurfin rumbunka mita 5 ne, nemi mai cin mita 6 ko fiye. Kamfanonin Pepperl+Fuchs da Microsonic duk suna ƙera irinta. Shinkafa tsibi take yi, tana watsa sauti, don haka kada ka sa rai da dukan nisan da aka rubuta a kwali.

Akwai tazara a gaban bakinta da ba ta iya aunawa, a manyan nan santimita 35 zuwa 60. Ɗaga ta sama yadda ko rumbu ya cika maƙil, hatsi ba zai shiga wannan tazarar ba. Ta fuskanci ƙasa sosai, nesa da bango, da tsani, da bututun da shinkafa ke zubowa ta cikinsa. In ba haka ba, su za ta riƙa aunawa.

Zafi shi ne abin da masu ɗaurawa suka fi rainawa. A digiri 20 sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, a digiri 40, irin na watan Afrilu a Kano, ya kai kusan 355. A nisan mita 5, kuskuren ya kai santimita 17. Saya mai gyara lissafinta da kanta gwargwadon zafi, amma ka yi mata inuwa. In rana ta gasa jikinta, sai ta ɗauka iskar cikin rumbun ma haka take.

Sensa biyu a kusa kan saurari ƙarar juna, sai ka haɗa wayarsu ta daidaita harbi. Hucin iskar kwamfuresa ma yana ruɗa ta.

Wuta bolt 24 ta isa. Wajen saita ta, nuna mata ƙasan rumbu yana wayam, sannan iyakar cikarsa, ka kai siginar miliamfiya 4 zuwa 20 ga PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. Kafin ka sauko, zura tef ka gwada da abin da allo ya nuna.