Gam a ramin bis: kurakuran da aka fi yi, daga kantin siki har rumfar kafinta

Ɗan ƙanwata yana karatu a Gironobul, garin nan na Faransa da ke gindin duwatsun Alf. In sanyi ya shigo yakan kama aikin ɗan lokaci a wani kantin gyaran siki, wato dogayen katakan nan biyu da ake ɗaurawa a ƙafa ana zamiya a kan dusar ƙanƙara. Aikinsa ɗaura mariƙin takalmi a kan katakon: a huda rami, a ɗiga gam, a murza ƙusa mai zare, wadda muke ce wa bis. Da ya zo hutu Damagaram na ja shi unguwar Zango wajen kafintan da ke yi mini gyara. Muka tarar da yaron shago yana ɗura sufa gulu a ramin hinjin ƙofata. Ɗan ƙanwar tawa ya taɓa ni ya ce, "Kawu, wannan kuskuren har can ana yin sa."

Tushen kuskuren shi ne zaton cewa gam ke riƙe bis. Zaren bis ɗin da ya ci cikin katako shi ke riƙo. Aikin gam a wannan rami biyu ne kawai: ya sa bis ya shiga da santsi, sannan ya toshe hanyar ruwa. Cikin siki yawanci itace ne, an lulluɓe shi da zaren gilashi da roba, wani kuma har da siririn falle na ƙarfe. Duk ramin da aka huda ƙofa ce aka buɗe wa ruwa. In ya shiga ya daskare, girmansa yakan ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100, ya buɗa ramin. In ya narke ya jiƙa itacen ya ruɓar da shi, bis ya yi tsatsa. Wata rana mutum na gangarowa daga dutse a guje sai mariƙin ya tumɓuke. Mu nan ba mu da ƙanƙara, amma duk wanda ƙofarsa ke kallon gabas ya san abin da ruwan Agusta ke yi wa gindin hinji.

Wanda bai gane wannan ba shi ke zuwa kanti yana cewa a ba shi gam "mafi ƙarfi". Sai a miƙo masa sufa gulu. Shi kuwa kamawa yake nan take, wani lokaci tun bis bai kai ƙasan rami ba, kuma in ya bushe ya zama kamar gilashi. Siki lanƙwashewa yake yi a kowace zamiya, cikin sanyin da ya yi ƙasa da sifiri, ƙofa kuma ana bugunta safe da yamma. Abin da ba ya lanƙwasa tsagewa yake, ruwa ya bi tsagar. Abin da yawancin masu ɗaura siki ke amfani da shi, in cikinsa itace ne, bai wuce gam ɗin kafinta ba, sai dai irin wanda ke jure ruwa. A duba jikin robar gam ɗin: a ma'aunin Turai ana rubuta D1 zuwa D4. D1 da D2 na cikin ɗaki ne, D3 yana jure laima, D4 ya fi shi. Farin gam ɗin da ake auna maka a leda babu suna babu lamba, ka bar shi wa teburin ɗaki.

Akwai kuma masu aro daga wajen bakanike, su kawo shuɗin ruwan nan na Loctite da ake ɗiga wa noti don kada ya kwance. An yi shi ne don ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. A cikin itace ba ya wani aiki, kuma yana tsattsaga wasu nau'o'in roba, alhali akwai roba da yawa a jikin mariƙin siki. Gam mai kumfa, wanda ke kumbura in ya ji danshi, yana jure ruwa, amma kumfar da ke cike rami ba ta da ƙarfi, kuma yana tumbatsowa ya ɓata wuri. Gam ɗin dukawa, wanda ake shafa wa fata fuska biyu a bari ya sha iska kafin a haɗa, wannan na takalmi ne, ba shi da hurumi a ramin bis.

Inda aka fi rikicewa shi ne ifoksi, gam mai tagwayen kwalabe irin Araldite. Yana da wurinsa. Wasu sikin marasa nauyi, masu cikin kumfa ko itace mai taushi, kamfanin da ya ƙera su da kansa yake cewa a sa shi, don haka a karanta takardarsu kafin a taɓa komai. Amma mutane sukan ɗauki mai minti 5 saboda gaggawa, shi kuwa ya fi saurin tsagewa kuma bai kai mai jinkiri jure ruwa ba. Mai son kwana guda shi ne na aiki. Sannan a kula da awo. In an ce ɗaya da ɗaya, to ɗaya da ɗaya. Na sha ganin yara suna ƙara na kwalba ta biyu wai don ya yi saurin kamawa, sai a wayi gari abin yana nan laushi kamar cingam. A gauraya shi sosai a kan kwali har launinsa ya zama ɗaya. A kuma tuna cewa ran da za a kwance, ifoksi ba ya sakin bis da daɗi. Sai an ɗora bakin ƙarfen sodar mai rediyo a kan bis ɗin ya ɗauki zafi tukuna.

Sau da yawa ma laifin da ake ɗora wa gam na rami ne. A siki an ƙayyade bakin huda: milimita 3.5 ko 3.6 in babu ƙarfe a ciki, 4.1 in akwai, zurfi kuma wajen 9 zuwa 9.5 ga na manya, kuma galibi an buga lambar a jikin sikin. Rami ya yi faɗi, zare ba shi da abin ci, babu gam ɗin da zai cece shi. Ya yi ƙunci, saman ya ɗago ya hana mariƙin zama daidai. Bayan huda a kife a kakkaɓe garin katako, domin gam a kan ƙura ƙura ya riƙe. Ɗigo kaɗan ya isa, yadda zai ɗan leƙo in bis ya zauna. Murzar ƙarshe kuma da turnabis na hannu ake yi. Injin batir bai san inda zai tsaya ba, zagaye ɗaya na ƙari ya cinye zaren, bis ya riƙa juyawa a banza.

In hakan ta faru, ko kuma rami ya riga ya lalace kamar na ƙofata, ga gyaran. A siki akan cusa ifoksi mai jinkiri haɗe da ɗan zaren gilashi, ko a faɗaɗa ramin a dasa gidan bis na ƙarfe. In za a sake sabon rami, a toshe tsohon, a kuma ba da tazarar akalla santimita 1. A ƙofa, tsinken ashana da muka saba cusawa yana ɗaukar murfin akwati, amma ba ya ɗaukar nauyin ƙyaure. A fafe ramin ya zama daidai, a fiƙe turken itace mai tauri, a shafa masa gam mai jure ruwa a buga, a bar shi ya kwana, sannan a huda sabo a tsakiyarsa.

Yanayinmu ma yana da ta cewa. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ifoksin da aka gauraya yana kamawa tun kana neman turnabis, don haka a kwaɓa kaɗan kaɗan, a inuwa, da sassafe. Da hunturu farin gam yana yin fata da wuri saboda bushewar iska, a haɗa da sauri. Robar gam ɗin da ta yi watanni tana shan rana a kan teburin mai tireda a kasuwar Dole, a buɗe a duba: in ya yi gudaji ko ya tsinke ruwa a sama, ya mutu.

Kafintan nawa, dattijo ne, ya saurari ɗan ƙanwar tawa har ya gama, ya ce, "Ɗana, ƙanƙara dai ban taɓa gani ba, amma turke na sani." Ya aiki yaron shago ya nemo guntun katako mai tauri, ya ce in dawo ɗaukar ƙofa jibi bayan la'asar.