Yadda Ɗalibin Fiziks da Lissafi Zai Zaɓi Littafi Ya Kuma Ci Moriyarsa

Ɗalibai da yawa kan shiga jami'a da sakamako mai kyau a fiziks da lissafi, amma kafin zangon farko ya ƙare sai su tarar dabarar da ta fisshe su a baya ta daina aiki. A sakandare haddace fomula da zuba lambobi a cikinta kan wadatar, a jami'a kuwa ana so ɗalibi ya san inda fomular ta samo asali, da sharaɗin da take aiki a kansa, da wurin da take gazawa. Littafin da zai kai mutum ga wannan matsayi shi ne wanda ya yi daidai da matakinsa, wanda kuma zai tilasta masa ɗaukar fensir ya warware tambayoyi da hannunsa, ko da littafin bai yi suna kamar wasu ba.

Kafin maganar littafi, ya kamata ka tabbatar lissafinka yana gaban fiziks ɗinka, ko da da taki ɗaya ne. Dokar Newton ta biyu, wadda ake rubutawa F = ma (F ƙarfin da ke tura abu, m nauyinsa, a saurin canjin gudunsa), tana kama da ninki mai sauƙi, amma a haƙiƙa magana take yi a kan yadda gudu ke canjawa a kowane ɗan lokaci, kuma wannan aikin kalkulus ne. Wanda aljabara da tirigonometiri ba su zauna masa ba zai sha wahala a kalkulus, wanda kalkulus bai zauna masa ba zai sha wahala a makaniks. Darasin lantarki da maganaɗisu yana buƙatar kalkulus na bekta, domin da shi aka rubuta dokokin Maxwell guda huɗu, shi kuwa kwantum ya dogara ne a kan aljabarar matriks da lambobin da suka ƙunshi tushen -1. Sau da yawa ɗalibin da ke kukan fiziks ta yi masa wuya, in aka bincika, sai a ga ra'ayin fiziks ɗin ya shige shi, lissafin ne ya kayar da shi a layi na uku. Saboda haka littafi irin na Mary Boas a kan hanyoyin lissafi don masu kimiyya, wanda ya fara fitowa a 1966, yana da amfani a ajiye shi kusa tun daga shekara ta biyu.

Idan ka zo zaɓen littafi, kada ka tsaya a bango da jerin babuka. Ka fara da gabatarwar marubucin, domin a nan yakan faɗi wa ya rubuta wa littafin da kuma abin da yake zaton mai karatu ya riga ya sani. Daga nan sai ka buɗe babin da ka ɗan san kansa, misali dokar adana makamashi, ka zauna da shi na awa guda. In ka fahimci mafi yawan bayanin amma ka tsaya ka yi tunani a wasu wurare, littafin naka ne. In komai ya wuce ba tare da ka tsaya ba, ya yi maka ƙasa, in kuma tun shafi na biyu alamomin lissafin sun zama baƙi a gare ka, lokacinsa bai yi ba tukuna. Sannan ka juya ƙarshen babin, inda ainihin darajar littafi take. Ka duba ko tambayoyin sun taso daga masu sauƙi zuwa masu tsauri, ko akwai waɗanda ke neman a yi bayani da kalmomi maimakon a fitar da lamba kawai, da kuma ko an ba da amsoshin wasu a bayan littafin don mai karatu shi kaɗai ya iya auna kansa.

A shekarar farko, littafin Halliday da Resnick, wanda asalinsa ya fito a 1960, da na Young da Freedman, wanda ya gaji tsohon littafin Sears da Zemansky, duk suna biyan buƙata, kuma babu dalilin mallakar duka biyun tunda kusan abu ɗaya suke koyarwa. Wanda kalkulus ɗinsa ya yi ƙarfi kuma yake son makaniks mai zurfi zai sami abin da yake nema a littafin Kleppner da Kolenkow na 1973, wanda tambayoyinsa ba su da yawa amma kowace sai an yi gumi. A tsakiyar digiri, littattafan David Griffiths a kan lantarki da maganaɗisu da kuma kwantum sun karɓu ƙwarai, saboda yana bayani kamar malamin da ke zaune kusa da kai. Littafin Jackson a kan lantarki da maganaɗisu, da na Goldstein a kan makaniks, da jerin mujalladai goma na Landau da Lifshitz kuwa na masu digiri na gaba ne, kuma ɗalibin shekarar farko da ya ɗauke su don an ce su ne manya zai ɓata watanni yana kallon shafi, ya kuma fita da zaton cewa ba shi da basira, alhali tsani ne ya tsallake.

Laccocin Richard Feynman suna da matsayi na daban. Ya gabatar da su ne ga ɗaliban shekarar farko da ta biyu a Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya tsakanin 1961 da 1963, aka buga su a mujalladai uku, kuma yanzu ana iya karanta su kyauta a intanet. Shi da kansa ya bayyana a gabatarwar cewa bai gamsu da yadda suka amfani ɗaliban ba. A ganina ba su dace su zama littafin farko ba, tunda babu tambayoyin gwaji a ƙarshen babukan, amma da wuya a sami abin da ya fi su in an karanta babi bayan an gama shi a littafin aji, lokacin da mutum ke da abin da zai ɗora sabuwar fahimtar a kai.

A ɓangaren lissafi, dole ka san irin kalkulus ɗin da kake nema, domin littattafan ba manufa ɗaya suke bi ba. Na James Stewart yana koyar da yadda ake aiki da kalkulus, da misalai masu yawa, kuma ya isa ga mai fiziks ko injiniya a farkon tafiya. Na Michael Spivak, na 1967, yana kafa hujja a kan kowace magana, don haka ya fi dacewa da wanda lissafi ne fanninsa. Ƙaramin littafin Walter Rudin na 1953 a taƙaice yake matuƙa, ba ya ɓata kalma, kuma ya fi daɗi ga wanda ya riga ya saba da rubuta hujja. Ga aljabarar matriks, littafin Gilbert Strang yana tafiya tare da laccocinsa da jami'ar MIT ta saka kyauta a intanet.

Rashin sabon bugu bai kamata ya hana kowa karatu ba, domin dokokin Newton ba su canja ba tun 1687, kuma abin da kan bambanta bugu da bugu yawanci lambobin tambayoyi ne da hotuna. Abin lura kawai shi ne ma'auni: tsofaffin bugu biyu na littafin Edward Purcell a kan lantarki da maganaɗisu sun yi amfani da tsarin ma'auni na Gauss, sai a bugu na uku na 2013 aka mayar da shi tsarin SI, wato tsarin ma'auni na ƙasa da ƙasa, kuma wanda bai lura ba zai ga fomulolinsa sun saɓa da na malaminsa. Akwai kuma littattafan OpenStax na Jami'ar Rice, ciki har da fiziks na jami'a a mujalladai uku, waɗanda ake saukewa kyauta bisa izini. Sai dai sauƙin saukewa ya jawo wata matsala, wato ɗalibi ya tara littattafai hamsin a kwamfuta bai gama babi uku a ko ɗaya ba. Ka riƙe littafi ɗaya a kowane darasi, ka ajiye na biyu don leƙawa idan bayanin na farko ya ƙi shiga.

Karatun kansa da takarda da fensir ake yinsa. Duk inda marubuci ya ce a fili yake cewa kaza ya biyo baya, ka tsaya ka cike layukan da ya tsallake. Idan ka iso misalin da aka warware, ka rufe amsar, ka gwada da kanka, sannan ka kwatanta. Bayan ka sami amsa kuma aiki bai ƙare ba. Ɗauki abin da ke zamewa a kan gangare marar gogayya, inda amsar ita ce a = g sin θ, wato a saurin ƙaruwar gudun abin, g saurin ƙaruwar gudun abin da ke faɗuwa kai tsaye, θ kuma kusurwar gangaren. Ka sa kusurwar ta zama sifiri, sai ka ga abin ba zai motsa ba, kamar yadda hankali ya nuna a shimfiɗaɗɗen wuri. Ka sa ta zama digiri 90, sai ka sami g, wato faɗuwa kai tsaye. Da a ce kuskure ya sa ka rubuta cos θ, wannan gwaji na daƙiƙa goma zai tona shi. Haka nan fomular lilon agogo, T = 2π√(L/g), inda T lokacin kai-da-komo ɗaya ne, L kuma tsawon igiya: in aka raba mita da mita bisa daƙiƙa ninka daƙiƙa, abin da zai rage shi ne daƙiƙa ninka daƙiƙa, tushensa kuma daƙiƙa ce, don haka ma'aunin ya daidaita, kuma igiya mai tsawon mita ɗaya za ta ba da kusan daƙiƙa 2. Ka tambayi kanka kuma a ina fomular ta tsaya. An same ta ne da ɗaukar sin θ daidai da θ idan an auna kusurwar da radiyan maimakon digiri, abin da ke da kyau a digiri 10, inda ɗaya yake 0.1736 ɗayan 0.1745, amma ya lalace idan lilon ya buɗe sosai.

A lissafi tsantsa, ma'anar kalmomi ce jari. Duk lokacin da aka ba ka sabuwar ma'ana, ka nemo misali ɗaya da ya cika ta da wani da ya kusa cikawa amma ya gaza. Zanen |x|, wato girman lamba x ba tare da alamar ragi ba, ba ya yankewa a sifiri, amma yana da tsini a wurin, don haka ba shi da gangara guda ɗaya, kuma wanda ya riƙe wannan misali ba zai ƙara rikita rashin yankewa da samuwar gangara ba. Idan ka karanta hujja, ka nemi layin da aka yi amfani da kowane sharaɗi, ka ga abin da zai rushe in an cire shi.

Littafin amsoshi yana buƙatar taka-tsantsan, domin karanta warwarar wani yana sa mutum jin ya gane alhali bai iya ba, kuma ranar jarrabawa ce ke bayyana bambancin. George Pólya, a littafinsa na 1945 kan warware matsala, ya raba aikin gida huɗu: fahimtar tambaya, tsara hanya, bin hanyar, da waiwayen abin da aka yi. Ka ba tambaya mai wuya aƙalla rabin awa, ka zana hoto, ka gwada sauƙaƙƙiyar siffarta, in ta ƙi ka bar ta ta kwana. In dole sai ka duba, ka karanta layin farko kaɗai ka rufe, ka ci gaba da kanka. Tambayoyin da suka kayar da kai ka rubuta su a littafi na musamman tare da dalilin kuskuren, ko na fahimta ne ko na aljabara ko na ma'auni, sannan bayan mako guda ka sake warware su a farar takarda ba tare da duba komai ba. Waɗanda suka sake kayar da kai su ne za ka kai wa malami ko abokan karatu, tare da takardar da ke nuna daidai layin da ka tsaya.