Yadda za ka ga tarihin Zelazowa Wola da idonka

In Allah ya kai ka Warsaw, babban birnin Poland, hau jirgin ƙasa zuwa Sochaczew, daga nan bas zai ƙarasa da kai ƙauyen Zelazowa Wola, mahaifar Chopin, gwanin kiɗan fiyano. Kar ka tsaya neman babban gidan iyalan Skarbek masu mallakar wurin a da, gobara ta cinye shi tun da daɗewa, ɗan sashen gefe ne ya rage, kuma a ciki aka haifi Chopin a 1810, lokacin babansa Bafaranshe yana koyar da yaran gidan. Fara da ɗakunan, sannan ka zaga lambun bakin kogin Utrata a hankali, wallahi wurin na sanyaya zuciya. Daure ka je ranar Lahadi lokacin zafinsu, ana kaɗa fiyano. Sai ka wuce cocin Brochow inda aka yi wa Chopin baftisma.