Kafin Ka Ajiye Kafin Alƙalami: Kurakuran da Masu Sayen Fili Suka Fi Yi a Katsina

Wanda ya kwana biyu bai zagaya bayan garin Katsina ba, in ya bi hanyar Dutsin-ma ta wajen Batagarawa, ko hanyar Kano ta Ɗandagoro, ko ya miƙi hanyar Daura, zai tarar gonakin da ya sani da gero da wake duk an yanka su fulotai. Tun 1987 da aka ƙirƙiro jihar gari yake ta faɗi, ga kuma 'yan'uwanmu na yankin Batsari da Safana da Jibiya da rashin tsaro ya koro cikin birni, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Shi ya sa fili, ko hili yadda muke faɗa a nan, ya zama asusun mai ƙaramin ƙarfi. Malamin makaranta ya tara, mai shago ya tara, matar aure ta kwashi adashe ta sayar da tumakinta, duk a kan fili za a ƙare.

Abin da ke damuna shi ne yawan waɗanda kuɗin nan ke salwanta a hannunsu. In ka bi diddigin labarin kowannensu, abu biyu za ka tarar a gindinsa, gaggawa da kunya. Mutum yana jin nauyin tambaya kada a ce bai yarda da mutane ba, alhali gumin shekara goma zai miƙa.

Gaggawar daga bakin dillali take farawa. "Alhaji, wallahi jiya wani ya taya, in ba ka ajiye wani abu yau ba, gobe sai dai labari." Sai ka zaro kafin alƙalami ba ka ko ga mai filin ba. Dillalai akwai na kirki da yawa, amma shi dillali la'adarsa tana kan a sallama ne, kai ne za ka zauna da abin da ka saya. Ka ba kanka kwana uku aƙalla. Ka koma wurin kai kaɗai, ka yi sallama da maƙwabcin gabas da na yamma, ka tsaya sallar la'asar a masallacin unguwar, ka tambaya: filin nan na wane ne, shi kuma daga hannun wa ya same shi? Sannan ka je gaishe da mai unguwa ka ji ta bakinsa. Filin da aka sayar wa mutum biyu, ko wanda ake shari'a a kansa, da wuya ka rasa mai tsegunta maka a unguwa. La'ada kuma a yanke ta tun kafin ciniki ya faɗa, a san nawa ce, a san mai biya.

Wani kuskuren ya fi wannan zurfi, rashin sanin irin takardar da ke hannu. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kake saya haƙƙin zama ne da amfani, wanda a birni gwamna ke bayarwa, galibi na shekara 99, a karkara kuma ƙaramar hukuma. Saboda haka takardar da mai unguwa ko dagaci ya buga wa hatimi shaida ce cewa an yi ciniki a gabansa, tana da amfaninta, amma ba ta kai takardar mallaka ta gwamnati ba. Mutane da yawa ba su san wannan bambanci ba sai ranar da aka zo aka shafa wa katangarsu jan fenti.

In awon gwamnati ne, wato filin da gwamnati ta yanka ta ba da takardarsa, kada kyan takarda ya ruɗe ka, ana buga na jabu masu kyau ƙwarai. Ɗauki lambar fayil ka je ma'aikatar filaye, ko hukumar KATGIS mai adana bayanan filayen jihar, ka biya kuɗin bincike, a duba maka ko sunan da ke fayil shi ne na mai sayarwa, ko an jinginar da filin a banki, ko an taɓa soke shi. Bayan ciniki kuma a canza suna. Doka ta ce sai da amincewar gwamna ake mayar da haƙƙin irin wannan fili ga wani, amma za ka ga fili ya bi hannu huɗu, takarda na nan da sunan mutumin farko wanda ya daɗe da rasuwa. Ranar da kake buƙatar sa hannu, sai ka shiga neman jikokinsa gida-gida.

In kuwa awon igiya ne, wato gonar da masu ita suka yanka fulotai da kansu ba gwamnati ba, ba zan ce kada a saya ba, domin talaka ba shi da ƙarfin wanda ya fi shi, kuma unguwanni da yawa a garin nan haka suka kafu. Amma ka leƙa hukumar tsara birane ka ji ko wurin yana cikin wani tsari, ko an shata titi ta kansa, ko an ware shi don makaranta ko maƙabarta. Ka ɗaga kai ka dubi sama, kada ka sayi ƙarƙashin babbar wayar lantarki. A ɓangaren Daura da Katsina da Jibiya ka tambayi inda layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ya ratsa. Gwamnati na da ikon karɓar fili don amfanin jama'a, kuma diyyar da doka ta tanada ta fi karkata ga abin da ka ɗora a kai, gini ko shuka ko itatuwa, ba ga farashin da ka sayi ƙasar ba.

Awo kuma ka yi shi da hannunka. Fulotin ƙafa 50 da 100 murabba'in ƙafa 5,000 ke nan. In aka tsakure maka ƙafa biyar a faɗi da goma a tsawo ya koma 45 da 90, saura 4,050, kusan kashi ɗaya cikin biyar ya tafi, kuma ido ba zai gane ba a fili fetal. Ka zo da tef, a auna a gaban maƙwabta, a dasa alamar siminti a kusurwa huɗu a ranar.

Wani abin da nake roƙon kowa, kada ka yanke hukunci a kan fili da rani kawai. A watan Maris ko'ina busasshe ne, kwari da tudu duk kamanninsu ɗaya. In da hali ka gan shi a Agusta bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi. In babu halin jira, dubi gindin katangun maƙwabta ko akwai shatin ruwa, ka tambayi yaran unguwa inda suke wanka da damina, ka bincika ko tsohon kududdufi ne aka cike da shara. Ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta ci rayukan mutum fiye da 40, ba ta bar zukatanmu ba. Ruwa ba ya mance hanyarsa ko an yi shekara ashirin da toshe ta.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya, gidan gado da gonar gado. Nan ne arahar take, nan ne kuma hawayen suke. Ƙanen mahaifina ya sayi wani kango a cikin gari daga hannun babban ɗan mamaci. Na tuna na ce masa, "Baffa, sauran magadan fa, an ji ta bakinsu?" Ya ce, "Haba ɗana, shi ne babba, ubansa abokina ne, in tsaya ina tuhumarsa?" Ya rushe kangon, ya kai gini linta. Sai ga ƙanwar mai sayarwa ta dawo daga garin da take aure, ta ce ita ba ta san an sayar ba, ba ta kuma karɓi ko sisi ba. Gaskiyarta ce. Aka yi ta kai da kawo a kotu, ginin na tsaye damina na dukansa, Baffa bai kwana a gidan nan ba har Allah ya karɓi ransa. Har yau in na bi ta lungun sai ƙirjina ya yi nauyi, domin mutumin kirki ne, kunya ce kawai ta hana shi tambaya guda ɗaya.

Babban ɗa ba shi da ikon sayar da kason kowa sai nasa. Matar mamaci na da tumuninta in akwai 'ya'ya, 'ya'ya mata na da rabonsu, marayu ƙanana kuma ba a taɓa nasu sai ta hannun wanda shari'a ta amince da shi. Akwai kuma shuf'a a fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke aiki da shi: in dukiyar ba a raba ta ba, ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa na da damar ya mayar maka da kuɗinka ya karɓe. Wanda yake gari ya sani ya yi shiru, damarsa kan faɗi bayan shekara, amma wanda ba ya nan tasa na jiransa har ya dawo. Gyaran a nan guda ne. Ka nemi takardar rabon gado daga kotu. In ba a raba ba, kowane magaji, mace da namiji, ya zo da kansa ya sa hannu ko ya dangwala, wanda ke nesa ya aiko wakili da shaida. In an ce maka "ai duk sun yarda," ka ce madalla, to su zo su faɗa da bakinsu. Wanda ya ji haushin wannan magana, ka gode wa Allah da ya nuna maka shi kafin kuɗi su bar hannunka.

Sai rubutu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, kuma a cikinta aka ce a kafa shaidu in an yi ciniki. Ban ga dalilin da Musulmi zai ji kunyar abin da Ubangijinsa ya umarce shi ba. Takardar ciniki ta ƙunshi cikakken sunan mai saye da mai sayarwa, girman fili, maƙwabtansa na kusurwa huɗu, kuɗin da aka biya da wanda ya rage da ranar cikawa, da abin da zai faru da kafin alƙalami in wani ya fasa. A shaidu a sa matasa, kada duk su zama dattawa. In kuɗin da yawa ne, ka sa lauya ya rubuta, gara ka biya shi da ka shiga zirga-zirgar kotu. Biya kuma ta banki, cikin asusun da ke ɗauke da sunan mai filin, ba na dillali ko na ɗansa ba, a rubuta dalilin turawa.

Iyayenmu mata, wannan taku ce. Hajiya, in kuɗinki ne, sunanki za a rubuta. Maigida ko Yaya ya tsaya miki a ciniki, wannan daidai ne, amma takarda ta fito da sunanki da na mahaifinki. Ba zargin kowa ake yi ba, mutuwa ake tunawa. In ya faɗi ya rasu filin na sunansa, cikin gado za a lissafa shi, ke kuma sai kin kawo shaidu a kan abin da kika saya da kuɗin awakinki. Haka mijin da zai yi gini a filin matarsa, ko wa da ƙane da suka haɗa kuɗi, a rubuta na wane ne ƙasa, na wane ne gini.

Bayan an saya ma akwai saura. Wasu sukan jefa takarda a akwati su yi shekaru ba su leƙa ba. Ko katanga ba ka iya ba, ka ja bulo layi biyu ko uku, ka riƙa zuwa ana ganinka. In ka ba wani ya noma, ku rubuta cewa aro ne. Hukuncin hauzi na nan: bare in ya riƙe wuri shekara 10 yana amfani da shi kamar nasa, kana gari kana gani ba ka yi magana ba ba tare da uzuri ba, ƙararka na iya faɗuwa. 'Yar takardar aron nan ita ce za ta tsaya maka. Mai awon gwamnati kuma ya karanta sharuɗɗan da ke jikin takardarsa, akwai wa'adin gini da kuɗin ƙasa na shekara-shekara.

Maganar gini doguwa ce, abu biyu kawai zan taɓa. Ɗan kasuwa kada ya zari uwar kuɗi ya zuba a fandisho. Gini ba ya ƙoshi, kuma bulo ba ya juyawa ya kawo riba. Na ga shaguna da suka koma kanta babu kaya saboda mai su na son ya tare kafin azumi. Daga riba ake gini, ɗaki biyu da kewaye da ƙofa, a shiga, sauran a bi a hankali. In kuma jinga ka bayar, biya mataki-mataki, na fandisho daban, na linta daban, na rufi daban, kada kuɗi su riga aiki. Siminti ba a tara shi wata da watanni, danshi na kashe shi, gara a buga bulo a yi masa ban ruwa sosai a jera.

Takardun kansu a san inda aka ajiye su. Gobarar da ta tashi a Babbar Kasuwar Katsina a watan Maris na 2021 ta isa ta hana mutum barin takardar gidansa a durowar shago. Ka ajiye ta asali a gida cikin leda, nesa da gara da ɗigar ruwa, ka yi kwafi biyu ka ba wani amintacce ɗaya, ka ɗauki hoton kowane shafi a waya. Sannan ka kira uwargida da babban ɗanka ko babbar 'yarka, ka nuna musu wurin, ka faɗa musu filayenka nawa ne, a ina suke, da wanda ke noma kowanne.